Babi na Bakwai: Sairus, Baƙon da Aka Kira Shafaffe

Ta yaya aka yi sarkin Farisa, wanda ba Bayahude ba ne, bai kuma haɗa jini da gidan Dawuda ba, ya samu laƙabin da ya fi kowane laƙabi nauyi a littattafan Ibraniyawa? Wannan ita ce tambayar da takan tsayar da mai karatu idan ya iso farkon babi na 45 na littafin Ishaya, inda aka kira Sairus da kalmar Ibrananci mashiyah, wadda ita ce asalin kalmar Almasihu da Musulmi da Kirista suka sani. Abin ya fi ɗaure kan wanda ya biyo littattafan tun daga farko, waɗanda Yahudawa ke kira Tanak, Kiristoci kuma ke kira Tsohon Alkawari, domin ya riga ya saba da ganin sarakunan ƙetare a sahun abokan gaba: Fir'auna ya bautar da Bani Isra'ila, sarakunan Assuriya sun share masarautar Isra'ila ta arewa, Nebukadnezzar na Babila kuwa, wanda masu tafsirin Alƙur'ani suka sani da Bukhtanasar, ya ƙone Urushalima da Haikalin da ke cikinta. Sai ga wani sarkin ƙetare, wanda littafin da kansa ya shaida har sau biyu cewa bai san Allahn Isra'ila ba, an ambaci sunansa fiye da sau ashirin a littattafan Ishaya da Ezra da Tarihi da Daniyel, babu inda aka tsine masa. Amsar tana buƙatar a fara da ma'anar laƙabin kansa. Duk shekarun tsohon zamani da za a ambata na kafin Miladiyya ne, wato lissafinsu yana raguwa ne yayin da zamani ke matsowa.

Mai a maimakon rawani

A tsohuwar Isra'ila ana tabbatar da sarauta ne ta hanyar zuba man zaitun a kan wanda aka zaɓa, kuma annabi ko babban firist, wato shugaban masu hidimar Haikali, shi ke zubawa. Haka annabi Sama'ila ya yi wa Saul, ya kuma yi wa Dawuda, haka kuma firist Zadok ya yi wa Sulemanu. Wanda aka zuba wa man shi ne mashiyah, ma'ana shafaffe. Mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane yadda kalmar ta yi tafiya ba, domin kalmar naɗi ma daga naɗa rawani ta samo asali, har ta zama sunan ɗora mutum a kan muƙami ko da babu rawani a wurin. A zamanin da ake magana, kalmar shafaffe ba ta riga ta ɗauki ma'anar mai ceton ƙarshen zamani da ta ɗauka daga baya ba. Tana nufin sarkin da ke kan gado da yardar Ubangiji, wanda taɓa shi haram ne, shi ya sa littafin Sama'ila ya nuna Dawuda ya samu damar kashe Saul har sau biyu amma ya janye hannu.

Akwai kuma wani alkawari da ya ɗaure laƙabin da gida ɗaya. A babi na 7 na littafin Sama'ila na biyu, annabi Natan ya shaida wa Dawuda cewa gadon sarautarsa zai dawwama a zuriyarsa, kuma ɗansa ne zai gina wa Ubangiji ɗaki. Daga nan gadon sarauta da Haikali suka zama tagwaye a tunanin mutanen Yahuza, masarautar gidan Dawuda, ta yadda gina ɗakin Allah da kula da shi ya zama aikin shafaffen sarki, ba na kowa ba. An taɓa umartar annabi Iliya ya shafa wa Hazayel mai don ya zama sarkin Suriya, amma ko shi ba a ba shi laƙabin ba. Sairus kaɗai ne wanda ba Ba'isra'ile ba da ya same shi.

Zaman talala a Babila

A shekara ta 597 Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya, wanda kuma ake kira Yehoyakin, tare da fadawa da jarumai da maƙera zuwa Babila, sannan bayan tawayen Zadakiya, sarkin da ya gaji Yekoniya, ya dawo a shekara ta 586, wasu masana na cewa 587, ya rushe ganuwar birnin, ya ƙone Haikali, ya sa aka yanka 'ya'yan Zadakiya a gabansa kafin a ƙwaƙule masa idanu. An saba kiran wannan zamani zaman bauta, amma zaman talala ya fi dacewa da shi, domin allunan yumɓu da aka samo daga wani ƙauye da Babilawa suka raɗa wa suna Garin Yahuza sun nuna mutanen suna noma, suna ƙulla ciniki, suna aure, suna biyan haraji. Igiyar dai tana ƙafa, amma tana da tsawo. Wasu allunan da aka tono a fadar Babila, waɗanda ke ajiye a birnin Balin na Jamus, sun lissafa man da ake auna wa Yekoniya sarkin Yahuza da 'ya'yansa daga rumbun sarki. Jikan Dawuda, wanda mai ya kamata ya zama alamar sarautarsa, ya koma karɓar mai na abinci a mudun wanda ya ci shi da yaƙi.

Ciwon da ya fi yunwa ko aikin tilas shi ne na aƙida. A fahimtar mutanen wancan zamani, idan birni ya faɗi to abin bautarsa ne ya faɗi, kuma kayan Haikalin Urushalima suna jibge a ɗakin gumakan Babila, kamar ganimar da ke shelanta wa ya fi ƙarfi. Duk Bayahuden da ya tashi a Babila yana ganin jerin gwanon Marduk, babban abin bautar birnin, dole tambaya ta ɗarsu a zuciyarsa: ko dai Allahn kakanninsa ya gaza ne, ko kuwa ya manta da su? Ba za a fahimci abin da aka faɗa game da Sairus ba sai an riƙe wannan tambaya a zuci, domin ita ake amsawa.

Mutumin da ya fito daga Anshan

Sunansa a harshen Farisa Kurush, a Ibrananci Koresh. Ya hau gadon ƙaramar masarautar Anshan, a kudu maso yammacin Iran ta yau, wajen shekara ta 559, yana ƙarƙashin inuwar Mediyawa. A shekara ta 550 ya kayar da Astiyages sarkin Mediya ya kama birnin Ekbatana, inda Hamadan take a yanzu, bayan 'yan shekaru kuma ya ci Kirosus sarkin Lidiya, mai dukiyar da ta zama abin misali, a yammacin Turkiyya ta yau. Daga nan kowa a Babila ya san abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Sarkin Babila na lokacin, Nabonidus, ya riga ya ɓata da manyan birninsa, domin ya fifita Sin, abin bautar wata, ya kuma tare a dausayin Taima da ke arewa maso yammacin Saudiyya ta yau kimanin shekara goma, ya bar ɗansa Belshazzar yana riƙon ƙwarya, alhali bikin sabuwar shekara na Marduk ba ya yiwuwa sai da sarki a gari. A shekara ta 539 rundunar Farisa ta yi nasara a Ofis, bakin kogin Dijla, sannan ta shiga Babila ba tare da yaƙi ba, kamar yadda tarihin da marubutan Babila suka ajiye ya nuna. Sairus ya mutu a shekara ta 530, kabarinsa na dutse kuma yana nan tsaye a Fasargad.

Sanda, bawa, makiyayi

Tunanin cewa Allah yana aiki da sarkin ƙetare ba da Sairus ya fara ba, kuma bin matakansa shi ke nuna inda sabon abu ya shigo. A babi na 10 na Ishaya an siffanta Assuriya da sandar fushi, wato abin duka da ake ɗagawa a hori Isra'ila da shi, sannan a karya shi idan ya fara taƙama kamar gatarin da ke yi wa mai sara alfahari. Annabi Irmiya ya ƙara mataki ɗaya, ya kira Nebukadnezzar bawan Ubangiji a wurare uku, ya kuma shawarci mutanen Yahuza su sunkuyar da wuya ga karkiyarsa, shawarar da ta sa aka zarge shi da cin amanar gari. Amma shi ma Nebukadnezzar aikinsa horo ne, kuma Irmiya ya ce bayan shekara saba'in Babila za ta sha nata kofin. Sanda da bawa duka biyu kayan aiki ne na rushewa, kuma babu ɗayansu da aka ce ana ƙauna.

Sairus ya sha bamban. A ƙarshen babi na 44 an kira shi makiyayi, kalmar da sarakunan Gabas ta Tsakiya suka daɗe suna kiran kansu da ita, wadda kuma a Isra'ila ta fi manne wa Dawuda, yaron da aka ɗauko daga bayan tumaki. An ce shi ne zai ba da umarnin a sake gina Urushalima a kuma aza harsashin Haikali. A farkon babi na 45 aka kira shi shafaffe, aka ce an riƙe hannunsa na dama, an kira shi da sunansa, za a buɗe masa ƙofofi, a farfasa masa ƙyamaren tagulla, a ba shi taskokin da ke ɓoye, sannan aka ƙara da cewa zai saki kamammu ba don fansa ko tukuici ba. Idan aka jera waɗannan kusa da alkawarin Natan, za a ga cewa an ɗauki kayan sarautar gidan Dawuda ɗaya bayan ɗaya, laƙabi da kiwo da ginin ɗakin Allah, an ɗora wa Bafarishe.

Da alama masu sauraro ba su karɓi wannan da guɗa ba. Nan da nan bayan ayoyin naɗin, annabin ya juya yana tsawata wa mai jayayya da Mahaliccinsa, yana tambaya ko yumɓu yana da bakin tuhumar maginin tukwane, ko ɗa yana tuhumar mahaifinsa kan abin da ya haifa, kuma masu sharhi da yawa suna ganin wannan raddi ne ga 'yan'uwansa da maganar ta yi wa ɗaci. Ba abin mamaki ba ne. Misalinsa kamar gidan sarautar da aka tsige ne, 'ya'yan sarki suna zaune a gudun hijira suna jiran ranar komawa, sai mai shela ya fito ya ce masu zaɓen sarki sun gama shawara, rawanin ya faɗa kan wani baƙon mayaƙi da ko harshen garin ba ya ji.

Annabin bai sassauta ba, bai kuma yi ƙoƙarin musuluntar da Sairus, ko a ce yahudantar da shi, don maganar ta yi daɗin haɗiya ba. Ya nanata cewa Sairus bai san Ubangiji ba, ya kuma bayyana cewa an kira shi ne saboda Yakubu, wato saboda Isra'ila, ba don wani halin kirki nasa ba. A nan ne ƙarfin hujjar yake. Idan abin bautar wata ƙaramar al'umma da aka ci da yaƙi shi ne ya tayar da sarki daga gabas, ya ba shi Mediya da Lidiya da Babila alhali sarkin bai ma san sunansa ba, to ba abin bautar ƙabila ɗaya ba ne, shi ne mai juya tarihin duniya duka, faɗuwar Urushalima kuma hukuncinsa ce, ba gazawarsa ba. Shi ya sa babi na 40 zuwa na 48 na Ishaya suka ƙunshi kalaman kaɗaita Allah mafi ƙarfi a dukan Tanak, kuma shi ya sa aka tsara wasu sassan kamar zaman kotu, inda ake kiran gumakan al'ummai su kawo shaidar cewa sun taɓa faɗin abin da zai faru ya faru. Shaidar da ɓangaren Ubangiji ya gabatar a wannan shari'a ita ce Sairus. Rashin saninsa da Allahn Isra'ila, wanda mai karatu ke ɗauka aibi ne ga laƙabin, shi ne ainihin abin da ya sa ya yi amfani a matsayin shaida.

Abin da Babilawa suka rubuta

A shekara ta 1879 Miladiyya, Hormuzd Rassam, ɗan asalin Mosul da ke tono wa gidan tarihin Birtaniya kayan da, ya samo a kangon Babila wani curin yumɓu mai siffar ƙaramar ganga, wanda tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, an zane shi da rubutun Babilawa mai kama da kawunan ƙusoshi, wanda ake dannawa da tsinken kara tun yumɓun yana ɗanye. An binne shi ne a harsashin gini bayan cin birnin, bisa al'adar sarakunan ƙasar. Rubutun ya zargi Nabonidus da wulaƙanta ibada da gallaza wa talakawa, ya ce Marduk ya duba ƙasashe yana neman sarki adali, sai ya kama hannun Sairus, ya kira sunansa, ya shigar da shi Babila ba yaƙi. Ya kuma ce Sairus ya mayar da gumaka zuwa garuruwansu tare da mutanensu.

Kamannin wannan da kalaman Ishaya a fili yake: neman mutum, kama hannu, kiran suna, buɗe ƙofa. Wasu masana suna ganin annabin ya san irin shelar da magoya bayan Sairus ke yaɗawa a Babila, ya karɓe kalmomin ya sauya mai aikin, wasu kuma suna ganin duka biyun sun ɗebo ne daga rijiya ɗaya, wato salon yabon sarakuna da ya daɗe a yankin. Kowanne ne gaskiya, sakamakon ɗaya ne: nasara guda, fassara biyu, firistocin Marduk suna cewa ubangijinsu ne ya kawo shi, annabin Yahudawa yana cewa nasa ne. Sairus kuwa bai ƙaryata kowa ba, domin mai mulkin al'ummai da yawa ya fi samun sauƙin karɓar haraji idan kowace al'umma ta ɗauka abin bautarta ne ya naɗa shi.

Wajibi ne a yi hattara da abubuwa biyu. Gangar ba ta ambaci Yahudawa ko Urushalima ba ko sau ɗaya, garuruwan da ta lissafa na yankin Dijla ne da gabashinsa, saboda haka ba ta tabbatar da umarnin komawar Yahudawa da littafin Ezra ya kawo kai tsaye, iyakarta ta nuna cewa irin wannan umarni bai saɓa wa siyasar Sairus ba. Haka kuma kirarin da gwamnatin Sha na Iran ta yi mata na cewa ita ce takardar haƙƙin ɗan Adam ta farko, har ta kai kwafinta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971, masana tarihi ba su karɓe shi ba, domin rubutu ne na sarki mai nasara da ke halatta mulkinsa. Gangar ta kuma tona wani abu da mai karatun Ishaya zai lura da shi: babi na 46 ya zana Bel da Nebo, wato Marduk da ɗansa, an ɗora su a kan dabbobi ana tafiya da su ganima, babi na 47 kuma ya zana Babila zaune a cikin ƙura, amma Sairus bai ƙone birnin ba, bai kwashe Marduk ba, girmama shi ma ya yi. Shafaffen bai bi duk abin da masu shafa shi suka so ba.

Takardu biyu a littafin Ezra

Littafin Ezra ya adana umarnin Sairus ta siga biyu. Ta farko, a babi na 1, da Ibrananci take, kuma shela ce ga jama'a, inda Sairus ke cewa Ubangiji Allahn sama ya ba shi mulkokin duniya ya kuma umarce shi ya gina masa ɗaki a Urushalima, don haka duk mai so daga cikin mutanensa ya tafi, maƙwabta kuma su taimaka masa da azurfa da zinariya da dabbobi. Ta biyu, a babi na 6, da Aramanci take, harshen da daular Farisa ke gudanar da mulki da shi, kuma ta fi kama da takardar ofis: tsayin ginin kamu sittin, faɗinsa kamu sittin, jeri uku na manyan duwatsu da jeri ɗaya na katako, kuɗin aiki daga baitulmalin sarki, kayan zinariya da azurfa da Nebukadnezzar ya kwashe kuma a mayar. Masana da yawa sun fi amincewa da ta biyu a matsayin mafi kusa da rubutun fada, suna ganin ta farko ta bi ta hannun marubuci Bayahude wanda ya sa wa sarkin harshen masu ibada.

Labarin yadda aka samo takardar ta biyu yana da daɗin ji ga duk wanda ya taɓa neman fayil a ma'aikata. A zamanin sarki Dariyus na Farisa, gwamnan lardin Hayin Kogi, wato ƙasashen yammacin Furatu, mai suna Tattenai, ya tarar ana gini ya tambayi wa ya ba da izini, dattawan Yahudawa suka ce Sairus, sai ya rubuta wa sarki ya nemi a bincika. Aka duba taskar takardu ta Babila, amma a Ekbatana aka samo naɗaɗɗiyar takardar, birnin tuddai da sarakunan Farisa kan koma idan zafi ya yi. Ezra ya kuma ba da lissafi irin na ma'aji: Mitredat ma'ajin sarki ya ƙirga wa Sheshbazzar, shugaban Yahuza, kayan Haikali 5,400, jimillar jama'ar da suka koma kuma 42,360 ban da barori. Mayar da kayan ya fi ƙimar zinariyarsu muhimmanci, domin Yahudawa ba su da gunkin da za a mayar musu kamar sauran al'ummai, kwanukan da tasoshin su ne suka tsaya a madadinsa, kuma su ne igiyar da ta haɗa Haikali na biyu da na Sulemanu.

Abin da Sairus bai yi ba

Haikalin bai ginu a zamanin Sairus ba. An aza harsashi, tsofaffin da suka ga ginin farko suka fashe da kuka yayin da matasa ke sowa har ba a iya bambance muryoyin, sannan aikin ya tsaya saboda adawar maƙwabta da talaucin waɗanda suka dawo. Sai a shekara ta 520, da annabawa Haggai da Zakariya suka zaburar da gwamna Zarubabel da babban firist Yoshuwa, aka koma bakin aiki, aka kammala a shekara ta shida ta mulkin Dariyus, wajen 516, wato shekara saba'in daga ƙonewar na farko. Yahudawa da yawa ma ba su koma ba. Tafiyar wata huɗu ce zuwa ƙasar da ta zama kango, su kuwa sun yi gidaje da gonaki a Babila, inda zuriyarsu ta zauna fiye da shekara dubu biyu.

Mafi girma daga abin da bai yi ba shi ne mayar da sarauta. Zarubabel jikan Yekoniya ne, Haggai har ya kira shi zoben hatimin Ubangiji, amma gwamnan Farisa ya kasance, daga baya kuma sunansa ya ɓace daga labarin, kuma babu wani ɗan gidan Dawuda da ya sake hawa gado a Urushalima. Ta wannan fuska laƙabin da aka ba Sairus ya fi kama da bayanin sabon tsarin rayuwa: mulki da takobi a hannun sarkin daula, Haikali da Attaura a hannun firistoci da malamai. Malaman Yahudawa na baya sun ji nauyin wannan, har a Talmud, babban kundin fiƙihu da sharhinsu da aka tattara a Babila, an rawaito Rab Nahman ɗan Rab Hisda yana karanta ayar ta wata fuska, cewa Allah yana kai ƙarar Sairus ne wurin Almasihu na gaskiya, domin an umarce shi ya gina ɗakin ya tattaro kamammu da kansa, shi kuwa ya tsaya ga ba da izini kawai.

Annabci ne ko shaidar gani da ido?

Ishaya ɗan Amoz ya yi annabci a Urushalima a ƙarni na takwas, kusan shekara 150 kafin Sairus ya hau gado, kuma wannan tazara ta raba masu karatu gida biyu. Ga al'adar Yahudawa da Kiristoci, ambaton sunan tun kafin haihuwar mai shi mu'ujiza ce, har masanin tarihi Yosifus, a ƙarni na farko Miladiyya, ya rubuta cewa Sairus ya karanta annabcin ne ya ji sha'awar cika shi. Yawancin masanan zamani kuwa, tun daga ƙarshen ƙarni na 18, suna ganin babi na 40 zuwa na 55 aikin wani annabi ne da ba a san sunansa ba, wanda ya rayu cikin kamammu a shekarun da Sairus ke tasowa, hujjarsu kuma ita ce sassan suna magana da mutanen da Urushalima ta riga ta zama musu kango, suna kuma ambaton Sairus kamar wanda kowa ya san labarinsa. Malamin Andalus Ibrahim ibn Ezra ya yi ishara da haka tun ƙarni na 12. Saɓanin bai taɓa matsayin Sairus a cikin littafin ba, domin a karatu na farko da na biyu duka shi ne shaidar cewa Allah ɗaya ke riƙe da sarakuna.

Littafin Daniyel ya ambace shi a gurguje, a matsayin ma'aunin shekarun da Daniyel ya kai, amma wahayin babi na 8, na rago mai ƙaho biyu da aka fassara da sarakunan Mediya da Farisa, ya yi tasiri a wani wurin da ba a zata ba. Da shi ne Abul Kalam Azad, malamin Indiya kuma ministan iliminta na farko, ya kafa hujja cewa Zulƙarnaini na Suratul Kahfi Sairus ne, ra'ayin da wasu masu tafsiri na ƙarni na 20 suka karkata gare shi, ko da yake da yawa daga magabata sun tafi a kan Iskandar ne.

Kalmar ƙarshe ta Tanak

A tsarin da bugun Tanak na yau ke bi, littafin Tarihi na biyu shi ne na ƙarshe, kuma ayoyinsa biyu na ƙarshe shelar Sairus ce, an yanke ta daidai inda ake ba duk mai so izinin haurawa Urushalima. Littattafan da suka fara da halittar sama da ƙasa sun rufe ke nan da muryar Bafarishe, yayin da tsarin Tsohon Alkawari na Kiristoci ya rufe da annabi Malakai. Amma izinin sarki ɗaya ba ya ɗaure magadansa, kuma al'ummar da lafiyarta ta rataya a kan hatimin baƙo tana iya wayar gari wani hatimin ya halatta jininta. Wannan shi ne halin da Yahudawan birnin Shushan suka shiga a littafin Esta, a fadar Ahasurus, sarkin Farisa da ba a kira shi sanda ko bawa ko makiyayi ba, a cikin littafin da ko sunan Allah bai ambata ba, kuma a kansa babi na gaba zai tsaya.